Ukaimeden: inda masu hawan dutse suka tarar da dokar makiyaya

Wanda ya bar birnin Marakesh na ƙasar Maroko ya yi kudu, bayan tafiyar wajen kilomita 75 bisa hanya mai kwana-kwana, zai ɓulla a wani fili mai ciyawa a tsakiyar tsaunukan Atlas. Sunan wurin Ukaimeden, kuma tsayinsa ya kai mita 2.600 sama da teku. Ƴan Maroko sun daɗe da saninsa da wasan sulɓi bisa dusar ƙanƙara lokacin ɗari. Amma tun farkon shekarun 2010 wasu baƙi na daban suka fara zuwa, galibinsu daga Turai, kowanne goye da katifa a baya kamar mai shirin kwana a daji. Abin da ya kawo su shi ne jajayen duwatsun da ke warwatse a gangaren tsaunin.

Wasan da ba igiya

Irin wannan hawa ba ya buƙatar igiya ko ƙusa. Dutsen da ake hawa bai cika wuce mita huɗu ko biyar ba. Mutum yakan sa takalmi mai ɗanƙo, ya shafa farin alli a hannu don kada gumi ya sa ya zame, ya shimfiɗa katifarsa a gindin dutse. Abokinsa na tsaye a ƙasa da hannuwa a ɗage, in ya suɓuto ya karkata shi zuwa katifa. Wahalar tana ga hanyar da aka zaɓa: wata ƴar tsaga ce da yatsu biyu kawai ke shiga, wata kuwa ɗan tudu ne mai santsi. Akwai wanda zai yi kwana uku yana faɗuwa a kan taku guda. A dajin Fontanbulo kusa da Paris wasan ya yi ƙarfi, kuma ya shiga wasannin Olamfik a karon farko a Tokiyo a 2021.

A sabon wuri, aikin farko shi ne yawo. Ana ratsa gangare a duba dutse ɗaya bayan ɗaya, a goge gansakuka da buroshi, a gwada kowane makami a ga ko zai ɓalle, a duba ƙasan da za a faɗo ko akwai tsini. Wanda ya fara hawa wata hanya shi ke raɗa mata suna, ya kuma kimanta wahalarta. Da haka aka buɗe ɗaruruwan hanyoyi a Ukaimeden, kuma har yanzu akwai duwatsun da hannu bai taɓa ba. Mahaya suna son wurin don dutsensa na rairayi ne, mai kama fata, ga sanyin tsauni a lokacin da Marakesh ke ƙuna.

Wurin da mai shi

Sai dai abin da baƙo ke kira sabon wuri, tsohuwar makiyaya ce. Abzinawan tsaunin Atlas, wato Amazigawa na ƙabilun Reraya da Urika, suna da wata doka ta gargajiya da suke kira agdal. Daga 15 ga watan Maris ake rufe filin, ba akuya ba tunkiya, har ciyawa ta girma ta zubar da iri. Ranar 10 ga Agusta ake buɗewa. A ranar iyalai ke hawowa daga ƙauyuka da garkuna da alfadarai, su sauka a bukkokinsu na dutse, a yi biki da sadaka da sunan waliyyi Sidi Fares. Duk wanda ya san yadda ake jiran ranar sakin gonaki a ƙasarmu, ya san nauyin irin wannan rana. Ciyawar da mai katifa ke takawa cikin bazara, ita ce cimakar dabbobin wani a ƙarshen shekara.

Akwai kuma abin da ya girmi dokar kanta. A kan falalen dutsen akwai ɗaruruwan zane-zane da mutanen da suka sassaƙa: wuƙaƙe, gatura, shanu, mutane, har da giwaye. Masana sun ce da yawansu sun haura shekaru 3.000. Wani Bafaranshe mai suna Jean Malhomme ya tattara bayaninsu a shekarun 1950. Tuni an yi asarar wasu, saboda fasa falale da aka yi ta yi don gine-gine. Irin dutsen da ya yi wa mai sassaƙa laushi shi ne mahaya ke gogewa yau, kuma zanen da ya shafe ba ya dawowa.

Shi ya sa mahaya na ƙwarai suke da ƙa'idodi. Ba a hawa dutsen da ke ɗauke da zane. Ba a amfani da buroshin ƙarfe. Ba a sassaƙa makami inda babu. In aka yi ruwa sai a jira dutse ya bushe sarai, domin dutsen rairayi kan sha ruwa ya yi rauni, makamin da ya jure dubban shekaru sai ya ɓare a hannun mutum guda. In an gama, a goge allin da aka bari.

Riba da hasara

Mutanen wurin suna da dalilin marhabin da baƙin. Dusar ƙanƙara ba ta da tabbas: wata shekara ta sauka, wata ta ƙi, kuma Maroko ta sha fari shekaru a jere. Masu hayar takalman sulɓi da masu alfadarai da masu sayar da abinci su ne ke fara jin jiki. Ga girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3.000 kuma ta fi ɓarna a lardin Al Hawuz, inda Ukaimeden take. Mahaya kuwa suna zuwa ne sa'ad da ƙanƙara ta narke, su kama ɗaki, su sayi abinci, su ɗauki ɗan jagora.

Amma kuɗin baƙo na ƴan makonni ne, makiyaya kuwa ta rayuwa ce. Dokar agdal ta ɗore ne don kowa ya yarda akwai lokacin shiga, akwai lokacin haƙuri. In masu katifa suka shiga wannan layi, kowa zai samu rabonsa. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.