Daga Takarda Zuwa Waya: Kasuwar Mujallun Hausa a Hanyar Magama

Garin Magama, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, shi ne zango na ƙarshe a ɓangaren Nijeriya kafin matafiyi ya ƙetara zuwa Ɗan Isa ya nufi Maraɗi, kuma wannan matsayi nasa na bakin iyaka ya sa ya dace a auna da shi abin da ya sami mujallu da jaridun Hausa, domin duk abin da aka buga a Kaduna ko Kano ko Zariya sai ya sha doguwar tafiya kafin ya iso nan, kuma kowace tasha da ƙunshin ya sauka tana rage ribar mai bugawa.

Tun farkon lamarin, aljihun gwamnati ne ya reni aikin jarida da Hausa. Da kuɗin hukuma aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, inda Abubakar Imam ya zama editanta, haka kuma Hukumar NORLA, wadda aka kafa a 1954 don samar wa 'yan yaƙi da jahilci abin karantawa, ita ce ta fito da jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano. Da aka rushe hukumar a 1959, waɗannan jaridu ba su daɗe a bayanta ba. Mujallun da suka gwada tsayawa da ƙafarsu sun fi yawa ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fina-finan Hausa suka bunƙasa: Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, sannan Ibrahim Sheme ya kafa Fim a Kaduna cikin Maris na 1999. Masu karatunsu su ne masu kallon kaset, waɗanda suke a kowane ɓangare na iyaka, saboda haka hanyar da kaset ya bi ya shiga Maraɗi ita ce mujalla take bi.

Mujallar takarda tana da ƙofofin samun kuɗi guda biyu, wato cinikin kwafi da kuɗin talla, kuma kowacce tana da rauninta a ƙasar Hausa. Mai bugawa yakan ba dillali kaya bashi, dillali ya cire la'adarsa, ya mayar da abin da ya yi kwantai, wato kwafin da watansa ya wuce ba a saya ba, wanda sau da yawa a hannun masu ƙosai da tsire yake ƙarewa. Kwafin da aka saya kuwa yakan zaga hannu da yawa a teburin mai shayi da tashar mota da zauren gida, ta yadda masu karatu suka ninka masu saye nesa ba kusa ba. A wata kasuwar wannan abin alfahari ne da ake nuna wa masu talla, amma manyan kamfanoni da bankuna sun saba kai tallarsu jaridun Ingilishi, in kuwa Bahaushe suke nema sai su nufi rediyo, don haka mujallar Hausa ta dogara kusan kacokan ga kuɗin da mai karatu ya ciro daga aljihunsa.

Abin da ya karya wannan lissafi shi ne takarda. Masana'antun da aka gina don samar da ita a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe, aka koma shigo da takarda da tawada da faranti daga waje, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 har zuwa sakin farashinta a Yunin 2023, wanda ya kai dala ɗaya sama da naira 1,500 a 2024, kuɗin ɗab'i yakan tashi alhali mai saye bai ƙaru da komai ba. Rufe iyaka ya ƙara wa ciwon gishiri, domin an rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Intanet ta kawar da takarda da kuɗin mota da kwantai a lokaci ɗaya, kuma mazaunin Magama yana ganin labari a daidai lokacin da mazaunin Abuja yake ganinsa. Sai dai mai karatu bai daina biya ba, wanda yake karɓa ne ya sauya, domin kuɗin da a da yake ba dillali yanzu data yake saye da shi, ya tafi ga kamfanin waya. Abin da ya rage wa mawallafi shi ne tallar da Google da Facebook suke rabawa, wadda ake ƙayyade farashinta ta hanyar gwanjo tsakanin masu talla, gwargwadon ƙarfin aljihun mai kallo, ta yadda kallo dubu daga Katsina ko Maraɗi bai kama ƙafar kallo dubu daga Amurka ba. Wannan ne ya sa ƙananan shafuka suke rayuwa da kanun labarai masu jan ido, da kwafar aikin juna, da labaran da 'yan siyasa suka biya ba tare da an shaida wa mai karatu ba, wanda shi ne mafi muni a cikin ukun, tunda ba ya iya gane shi. Kafofin da suka fi tsayuwa da ƙarfi, kamar sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da na DW da na RFI, ba da talla suke biyan albashi ba, wato dai an koma ga tallafin hukuma irin na zamanin NORLA, sai dai hukumar tana Landan ko Bon ko Faris. Jaridar Aminiya kuwa, wadda ta fara a 2006, tana jingine da babban kamfanin Media Trust.

Marubutan littattafan soyayya, waɗanda galibinsu mata ne, sun samo wata hanyar, inda suke sayar da labari babi-babi a zaurukan WhatsApp, mai karatu ya tura kuɗi ta banki a saka shi. Tsarin yana da arha, amma babi ɗaya da aka saya yakan bazu kyauta cikin sa'o'i, kuma mai sefa a Maraɗi sai ya nemi ɗan canji ko wani mai asusun naira kafin ya biya. Haka kuma komai ya rataya ne a kan layin waya: a Satumban 2021, da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, shafukan labarai sun ɓace wa mutanen yankin na tsawon watanni, waɗanda suka adana tsofaffin rediyoyinsu suka koma neman batir.