Ɗaga ƙarfe a gida: Kafaɗa ba ta son gaggawa

Matasa da dama sun mayar da tsakar gida wurin ɗaga ƙarfe, sai dai kafaɗa ce ke fara ɗanɗana kuɗarta. Ita ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jiki, shi ya sa take saurin gocewa.

Tsokarta kashi uku ce. Tura ƙarfe sama da kai na gina ta gaba, ɗaga hannuwa gefe zuwa daidai kafaɗa na gina ta tsakiya. Ta baya, wadda aka fi mantawa da ita, sai an sunkuya an buɗe hannuwa.

Gorar ruwa mai lita 1.5 ta ishi mai farawa: sau 10 zuwa 12, zagaye uku. Idan ciwo ya soki kafaɗar, a dakata a ga likita.