Don mi baƙo ke wuce mai tuwo ya shiga gidan abinci mai rassa?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya taɓa tafiya cin rani ya san wannan hali. Mota ta taso daga Maraɗi tun da asuba. Hantsi ya dubi ludayi, an tsaya tashar Birnin Ƙwanni. Direba ya ce a sauka a ci abinci. Ka sauka, ka tarda mata jere da tukwanensu: mai tuwo, mai shinkafa da wake, mai dambu, ga mai tsire can gefe yana fifita wuta. Kowa na kiranka. To, wurin wa za ka zauna? Ba ka san ko guda ba. Ba ka san miyar da aka dafa yau ba da wadda ta kwana. Ba ka san ko kuɗin da za a faɗa maka shi ne ake faɗa wa ɗan gari ba. Sai ka dakata ka ga inda direba da yaran mota suka nufa, ka bi bayansu.

A kasuwar garinku ba ka wannan tsaye-tsaye. Ka san mai furar da ke wanke ƙwaryarta da kyau. Ka san mahaucin da ba ya yanka dabba mai ciwo. Ka san su, sun san mahaifinka. Wanda ya cuce ka yau, gobe gari duka ya ji.

Wannan bambanci tsakanin ɗan gari da baƙo, shi ne waɗansu ƴan kasuwa suka gano, suka tara dukiya da shi. Suka buɗe gidajen abinci masu rassa. Ma'ana, kamfani guda ne, amma yana da gidaje a gari-gari, wani lokaci a ƙasa-ƙasa. Suna guda, fenti guda, tufafin ma'aikata iri guda, abinci ɗanɗano guda. A ƙauyukanmu babu su. Amma alhazanmu sun gan su. Ku tambayi wanda ya sauke farali, zai ba ku labarin Albaik, gidan soyayyar kaza da aka fara a Jidda cikin 1974. Alhaji bai iya Larabci ba, bai san kowa ba a Makka. Amma ɗan garinsu da ya je bara ya faɗa masa sunan. Da ya hangi alamar sai ya shiga layi hankali kwance, ya nuna hoton abin da yake so da yatsa, ya biya. In ya je Madina ya sake ganin alamar, abin da ya ci a Makka shi za a ba shi.

Yadda abin ya faro a Amurka

Asalin wannan sana'a, yadda take a yau, daga Amurka ne. Kuma tsoro ne ya haife ta.

Cikin 1906 wani marubuci mai suna Upton Sinclair ya fitar da littafi kan ƙazantar manyan mayankan birnin Shikago. Mutane suka karanta, hankalinsu ya tashi. A shekarar nan gwamnati ta kafa dokar duba nama. Duk da haka jama'a suka daɗe suna ƙyamar niƙaƙƙen nama, don in an niƙa nama ba mai sanin abin da aka haɗa ciki.

Cikin 1921, a garin Wicita, mutum biyu, Walter Anderson da Billy Ingram, suka buɗe wani ɗan gida mai suna White Castle. Abin da suke saidawa shi ne niƙaƙƙen naman sa, a soya a sa cikin burodi. Shi ake kira hamboga. Dabararsu ita ce, suka yi wa gidan farin fenti fat. Ma'aikata suka sa fararen tufafi wankakku. Suka aje murhu gaban mai saye, yana kallon yadda ake soya masa. Kuɗin kuwa santi 5 ne, ga kowa. Santi ɗari ke yin dalar Amurka guda, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Da abin ya karɓu sai suka gina irinsa a waɗansu garuruwa, sak kamar an tsaga kara. Mai wucewa ya hangi farin gini, ya san abin da ke ciki tun bai shiga ba.

Waɗanda suka kai abin nesa su ne wani wa da ƙanensa, Maurice da Richard McDonald, a garin San Banadino na jihar Kaliforniya. Cikin 1948 suka rufe gidan abincinsu na ƴan watanni, suka sake masa tsari. Irin abincin da suke saidawa ya kai 25, suka rage ya koma 9. Suka daina sa abinci cikin faranti, suka koma naɗewa cikin takarda, ke nan ba sauran wanke-wanke. Suka raba aiki: wannan soya nama kaɗai, wannan soya dankali kaɗai, wannan karɓar kuɗi kaɗai. Kamar dai ranar gayya, inda wani ke sara, wani na zuba iri, wani na rufewa. Hamboga guda santi 15, kuma kafin ka gyara tsayuwa an miƙo maka.

Cikin 1954 wani ɗan talla mai suna Ray Kroc ya zo ya ga layin mutane. Ya nemi izinin buɗe irin gidan da sunansu. Ya buɗe nasa na farko cikin 1955 kusa da Shikago. Cikin 1961 ya saye kamfanin gaba ɗaya kan dalar Amurka miliyan 2 da dubu 700. Sa'a ta zo masa, don cikin 1956 gwamnatin Amurka ta ɗauki dokar gina manyan hanyoyin mota tsakanin jihohi. Mutane suka yawaita tafiya. Mai tafiya kuwa baƙo ne ko'ina ya tsaya. Yau McDonald's na da gidaje fiye da dubu 40, a ƙasashe fiye da 100.

Aron suna

Kada ku zaci kamfani ne ke riƙe da duk waɗannan gidaje da hannunsa. Mafi yawansu na ƴan kasuwa ne da suka ari sunan. Abin ya yi kama da aron gona. Mai aro ya biya kuɗin shiga. Kowane wata kuma ya ba kamfani rabonsa: a Amurka kashi 4 ko 5 cikin ɗari na cinikin da ya yi, ban da kuɗin haya. Kuma ba shi da ikon canza komi. An rubuta masa nauyin nama, da yawan gishiri, da mintin da dankali zai yi cikin mai, da inda zai sayo kaya. Akwai masu zagayawa suna dubawa. Wanda ya karya doka ana iya karɓe masa sunan. Tun 1961 kamfanin ya buɗe makaranta ta musamman don koya wa masu riƙon gidajen wannan aiki.

Kun ga ke nan abin da mai saye ke biya. Ba daɗi yake saye ba. Da yawa cikin masu zuwa za su ce maka girkin uwarsu ya fi. Abin da yake saye shi ne sanin abin da zai tarar. Kuɗi na rubuce a bango, ba ciniki, ba a duban tufafinka kafin a yanka maka farashi. Akwai wurin wanke hannu, akwai makewayi. Mace mai tafiya da yara ta san yaron da ya ci jiya ba zai ƙi ci yau ba. Yaran ma an yi musu tarko: tun 1979 McDonald's ke sa ɗan abin wasa cikin kwalin abincin yara a Amurka. Yaro ya ja uwa, uwa ta ja uba.

Sai kuma talla. Mai gida dubu na da kuɗin rediyo da telebijin. Mai tukunya guda ba ta da mai yi mata shela sai wanda ya ci ya ji daɗi.

A maƙwabtanmu

Masu zuwa Najeriya da Gana sun san abin ya iso kusa. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Ikko cikin 1986. Chicken Republic ya fara a can cikin 2004, ya yi rassa har Kaduna da Kano. KFC na Amurka, mai soyayyar kaza, ya shigo Ikko cikin 2009, ya shiga Akara cikin 2011.

Amma a nan labarin ya juya. A Amurka arha ce ta fara jawo mutane. A ƙasashenmu kuwa waɗannan gidaje sun fi mai tuwo tsada nesa ba kusa ba. Kuɗin cinyar kaza da ɗan dankali sai ya ciyar da leburan cin rani yini guda. To mi ke kai mutane? Sanyin na'ura lokacin bazara. Wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, don suna da injinsu. Kujera mai tsabta, ba ƙuda. Sai kuma abin da ba a cika faɗi ba, wato a gan ka. Saurayi ya kai budurwa, a ɗauki hoto da salula. Ma'aikaci ya kai iyali ranar salla. Na taɓa ganin wani yaro ɗan cin rani ya shiga irin wannan gida ya kashe kuɗin aikin kwana biyu. Da ya fito sai ya tsallaka titi ya sayi garin rogo da ƙuli, don bai ƙoshi ba. Amma ledar mai alamar gidan bai yar da ita ba, ya ninke ta ya sa aljihu.

Ba a rasa nono a ruga, amma ba kowace ƙwarya ke da kyau ba

Farin fenti ba shi ne lafiya ba. Cikin 1993, a yammacin Amurka, nama mai ƙwayar cuta ya shiga gidajen wani kamfani mai suna Jack in the Box, kuma ba a soya shi ya nuna sosai ba. Mutum fiye da 700 suka kamu da ciwon ciki, yara 4 suka rasu. Tun da daga wuri guda ake raba kaya, ɓarnar ta bazu jihohi huɗu lokaci guda. In miyar mai tuwo ta lalace, masu cin tukunyarta kaɗai ta shafa.

Likitoci kuma suna jan kunne kan irin wannan abinci. Mai ya yi yawa, gishiri ya yi yawa, ga lemun kwalba cike da sukari. Mai cinsa kullum yana jawo wa kansa ƙiba da hawan jini da ciwon sukari.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu noma da kiwo. Dala hamsin da ka ba mai tuwo a tasha ba ta yin nisa. Ta sayi hatsi wurin manomi, kuka da kuɓewa wurin maƙwabciyarta, nama wurin mahaucin gari, shi kuma ya sayi akuya wurin makiyayi. Babban kamfani ba ya saye tiya-tiya. Yana son kaji dubbai masu girma guda, a rana guda, daga babbar gona guda. Kazar gidanka ba ta shiga wannan lissafi. Kuma in sunan na waje ne, wani kashi na ribar can yake komawa.

Mai tuwo na da abin da kamfani ba shi da shi. Tana yi maka gyara. Tana tsamo maka tsoka in ta ga ka rame. Tana ba ka bashi har ranar kasuwa, wani ma har kaka. Wancan gida mai fitilu, ko tamma biyar ta rage maka ba za a miƙo maka kaza ba. Amma duk wannan alheri ɗan gari ne ya san da shi. Baƙon da ya sauko daga mota idonsa kaɗai yake da shi. Yana duban ko tukunya na rufe. Yana duban ruwan wanke kwanoni, ko an canza shi ko ya yi kauri. Yana duban ko akwai buta da sabulu. Yana kasa kunne ya ji ko kuɗin da aka faɗa wa na gabansa shi za a faɗa masa. Waɗannan ba su buƙatar jari mai yawa, kuma su ne mutanen Wicita suka fara da su.

Suna ma muna da namu. Matafiyi na tsayawa Galmi don albasa, yana tambayar kilishin Madawa ko na Tasawa, ko da bai san mai yinsa ba. Kuma a tashoshin hanyar Yamai zuwa Damagaram akwai matan da direbobi suka riƙe lambar wayarsu. Tun mota na da sauran tafiya direba zai buga ya ce: Hajiya, ga mu nan tafe, mu goma sha tara ne, a aje mana da miyar kuka.