Likitan Fata: Aikin Da Ake Wa Kallon Sauƙi

Idan aka tambayi ɗaliban ajin kimiyya wane irin likita suke son zama, za a ji na tiyata, na zuciya, na yara. Da wuya a ji mai cewa likitan fata. Ko mu da ke jami'a, wasunmu kallon ɗan hutu suke masa: wai ya dubi ƙurji, ya rubuta man shafawa, ya tashi aiki. Wannan zato bai yi wa masu aikin adalci ba.

Hanyar kanta doguwa ce. Shekara 6 a karatun likita, shekara ɗaya ta horo a asibiti, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa da yakan ci shekara biyar zuwa shida, da jarrabawa masu tsauri. Waɗanda suka kai ƙarshe ba su da yawa, kuma galibi a manyan asibitocin koyarwa ake samun su, irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya. Shi ya sa ranar ganin likitan fata layi ba ya ƙarewa.

Amma abin da ya fi wahalar da su shi ne halin da fatar ke ciki kafin ta iso gabansu. Likitan fata da ido yake fara aiki: launin tabo, siffar bakinsa, inda ya fito a jiki. To mu kuwa mun san al'adarmu. Makero ya fito wa yaro, sai a garzaya kemis a sayo man da ake cewa yana maganin komai. Yawancin irin waɗannan mayuka na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, alhali ƙwayar cutar na ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashi. Bayan wata uku zoben nan da ake gane makero da shi ya ɓace, tabon ya faɗaɗa, ya koma kama da wata cuta daban. Sai likita ya koma tambaya kamar ɗan sanda, ya kankari fata ya aika ɗakin gwaji, domin mara lafiya sau da yawa ba ya faɗin abin da ya shafa.

A nan bilicin ya shigo. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara hasken fata, kuma samari ma yanzu ba a bar su a baya ba. Sitiroyid mai ƙarfi yana sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Haidurokwinon, in an daɗe ana shafa shi, yana barin baƙin tabo mai wuyar fita, wato akasin abin da aka saye shi dominsa. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa. Likita zai ce a daina. Budurwar da ake shirin bikinta bayan salla za ta gyaɗa kai, ta fita, ta ci gaba. Gaya wa mutum cewa wannan tabon ba lallai ya tafi ba, yana kallon fuskarka, ba ƙaramin nauyi ba ne.

Ga kuma littattafan karatu. Yawancin hotunan da ke cikinsu na farar fata ne, inda kumburi ke fitowa ja-wur. A fatarmu yakan fito ne da duhu ko toka-toka. Wannan giɓi ne ya sa wani ɗalibin likita a Landan, Malone Mukwende, ya haɗa kai da malamansa suka fitar da ɗan littafin "Mind the Gap" a 2020, mai nuna alamun cututtuka a baƙar fata. Ɗalibi fa, kamar mu.

Batun rashin kiran dare ma ba gaskiya ba ne. Akwai cutar Stevens-Johnson, inda jiki ke yin tawaye ga wani magani, irin su Septrin, fata ta riƙa saluɓewa kamar ƙuna, baki da ido su yi gyambo. Tana iya kisa, kuma ana neman likitan fata ko ƙarfe nawa ne.

Sai kunya, wadda babu man da ke maganinta. Kuturta na warkewa da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da su. Duk da haka mai farin tabon da ba ya jin taɓi yakan ɓoye shi har jijiyoyi su lalace, don tsoron abin da unguwa za ta ce. Yaro zabiya da ake tsokana a aji shi ma majinyacin likitan fata ne, domin rana na iya jawo masa kansar fata, kuma man kariya daga rana ya fi ƙarfin aljihun iyaye da yawa. Likita ya san maganin, ya rubuta, ya kuma san ba za a iya saye ba. Sai ya koma ga abin da ya rage: hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da zama a inuwa lokacin tara.