FASHIN BAƘI: Wane irin lauya ya kamata ya rubuta maka wasiyya?

Mutane da yawa na ɗauka cewa sunan da suka rubuta a banki ko wurin aiki a matsayin makusanci shi ne zai karɓi dukiyarsu bayan rasuwa. Ba haka doka ta ce ba. Banki da kamfanin fansho kan nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. A nan ne iyalai kan shafe watanni suna zarya, marayu na jira.

Saboda haka zaɓen lauya ba lamari ne na attajirai kaɗai ba. Amma a Najeriya ba kowane lauya ne ya dace da aikin ba, domin gado na tafiya ne a kan tsari uku: shari'ar Musulunci, dokar al'ada, da rubutacciyar dokar wasiyya da ta samo asali daga ta Ingila ta 1837.

Tsarin ukun na cin karo. A Musulunci wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Dokar 1837 kuwa ta bai wa mutum 'yancin raba dukiyarsa yadda ya so. A 1971, a shari'ar Yinusa da Adesubokan, Kotun Ƙoli ta amince da wasiyyar wani Musulmi da ya fifita wasu 'ya'yansa a ƙarƙashin waccan doka. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin, waɗanda suka mayar da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin shari'arsa.

Tambayar farko ga lauya ke nan: wace doka ce ke aiki a kaina a wannan jiha? Wanda ya kasa amsawa dalla-dalla, a nemi wani.

Na biyu, a tabbatar lauya ne na gaske. Sunan kowane lauya na cikin rajistar da ke Kotun Ƙoli, kuma takardun da ya shirya su kan ɗauki hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya.

Na uku, a auna saninsa kan ƙananan abubuwan da ke rusa tsari. A rubutacciyar doka, wasiyya na buƙatar shaidu biyu, kuma shaidan da aka yi wa rabo a cikinta kan rasa rabonsa. A mazhabar Malikiyya, kyautar gida ko gona da ba a karɓe ta ba har mai kyautar ya rasu tana komawa cikin gado. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai takardar gwamnati.

Na huɗu, a yi maganar kuɗin aiki a rubuce tun farko, a kuma ji inda za a ajiye wasiyyar. Babbar kotun jiha na da sashen ajiye ta. A guji lauyan da ke wakiltar ɗaya daga cikin magada.

Lauya nagari zai fara ne da tambayar basussuka, domin sai an biya su ake zartar da wasiyya, sannan a raba gado.