Karen da Ake Taje wa Gashi: Sha'awar da Wasu Ke Tsufa da Ita

Daren Lahadi, 10 ga Maris 2019, karnuka bakwai ne suka rage a tsakiyar fage a babban zauren baje koli na birnin Birmingham, a Ingila. An yi kwana huɗu ana tankaɗe da rairaya cikin karnuka sama da dubu 20 da aka kawo gasar Crufts. Da alƙali ya gama dube-dubensa, sai ya wuce manyan da ke jere, ya nufi wani ɗan tsurut mai suna Dylan, wanda wata mata 'yar Beljiyam, Kathleen Roosens, ke riƙe da igiyarsa. Dylan jinsin Papillon ne, kalmar Faransanci da ke nufin malam-buɗe-littafi, domin kunnuwan irin wannan kare a buɗe suke kamar fikafikan ƙwaron. Karnukan ba su cika wuce kilo 5 ba.

Lada fa? Kofi, da kuɗin da bai wuce fam 200 ba. Ko kuɗin mota da masauki bai biya ba. A gasar Westminster ta birnin New York, wadda ake yi tun 1877, zakara ko sisi ba ya samu.

Ga wanda ya saba ganin kare a bakin zaure yana gadi, ko a bayan mafarauci cikin daji, abin zai yi kama da rashin aikin yi. Amma a Turai da Amurka akwai dubban mutane da suka ɗauki ƙananan karnukan zaman ɗaki a matsayin sha'awa, kamar yadda wani ke ƙarar da rayuwarsa wajen kiwon tantabaru ko dawakin sukuwa. Sha'awar tana tsaye ne kan duwatsun murhu uku: kiwo, gasar kyau, da horon biyayya.

Tushen abin daga gidajen sarauta yake. A 1860, da sojojin Ingila da Faransa suka wawashe wata fadar sarkin Sin a wajen birnin Beijing, sun kwaso ƙananan karnuka masu yalwar gashi, jinsin Pekingese. Wani hafsa ya kai wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila ɗaya, aka raɗa wa karyar suna Looty, wato ganima. A 1888 kuma sarauniyar ta dawo daga Italiya da wani ƙaramin Pomeranian mai suna Marco, nan da nan masu hali suka bi yayi, masu kiwo suka koma neman ƙanana. An kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873 domin ta riƙa rubuta asalin karnuka da dokokin gasa. Sai wani mai tallar biskit ɗin karnuka, Charles Cruft, ya hango kasuwa, ya buɗe gasar da ke ɗauke da sunansa a Landan a 1891.

Kiwo shi ne aikin da ba a gani a talabijin. Mai kiwon kirki yakan yi watanni yana bin takardun asali, kaka da kakanni, kafin ya zaɓi namijin da zai yi wa karyarsa barbara. Cikin karya kwana 63 ne, ko kusa da haka. Ƙananan jinsuna ba sa haihuwa da yawa, sau tari biyu zuwa huɗu, kuma irin su Chihuahua, da kan ɗan yake da girma uwar kuwa 'yar mitsitsiya ce, sukan sha wuyar naƙuda har a kai ga fiɗa. Bayan haihuwa sai kwanan zaune: awon nauyi kullum, ɗumama ɗaki, wani lokacin shayarwa da kwalba cikin dare. Ɗan kwikwiyo ba ya barin uwarsa sai ya cika mako takwas. Cikin 'ya'yan ciki guda, da ƙyar a sami ɗaya da ya cancanci shiga fage; sauran a nema musu gidaje.

Labarin wani Ba'amurke, Roswell Eldridge, ya nuna irin haƙurin da harkar ke bukata. Ya zo Ingila yana neman ƙananan karnuka masu dogon hanci irin waɗanda ya gani a tsofaffin zane-zanen zamanin Sarki Charles na Biyu, sai ya tarar duk an mayar da su masu gajeren hanci. A 1926 ya sa kyautar fam 25 a Crufts ga duk wanda ya kawo mai tsohuwar kama. Eldridge ya rasu bai ga amfanin kuɗinsa ba, amma wasu 'yan tsirarun masu kiwo suka riƙe zancen, suka kafa ƙungiya a 1928. Sai a 1945 Kennel Club ta amince da sabon jinsi, Cavalier King Charles Spaniel. Kusan shekara ashirin ke nan ana haɗa wannan da waccan.

A fagen gasar kyau, kowane jinsi yana da rubutaccen ma'auni: tsayin kafaɗa, siffar kai, zaman kunne, launin gashi, yadda wutsiya ke lanƙwasa, har da yadda haƙoran sama ke haɗuwa da na ƙasa. Aikin alƙali shi ne ya ga wane kare ya fi kusa da abin da ke rubuce. Ƙananan karnuka a kan tebur ake ɗora su. Alƙali ya buɗe baki ya duba haƙora, ya cusa yatsu cikin gashi ya laluba ƙashin baya da haƙarƙari, domin gwanin taje gashi yana iya ɓoye aibi. Daga nan a sauke kare, a zaga da shi fage a ga tafiyarsa. A Ingila kare ba ya samun laƙabin zakara sai ya karɓi takardar nasara uku daga hannun alƙalai uku dabam-dabam, abin da kan ci shekaru ana tashi da asuba ana bin gari-gari.

Horon biyayya kuwa babu ruwansa da kyau. Wata mai kiwon Poodle a Amurka, Helen Whitehouse Walker, ta gaji da jin ana cewa karnukanta ado kawai suka iya, sai ta shirya gwajin biyayya a Mount Kisco, jihar New York, a 1933. Bayan shekara uku ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta mayar da shi gasa mai dokoki. Ana shiga fage da maki 200, alƙali yana zabtarewa a kan kowane kuskure, wanda ya gaza 170 ya faɗi. A matakin farko kare zai bi mai shi daf da ƙafar hagu, ya zauna da zarar an tsaya, ya zo idan an kira. Gaba kaɗan sai ɗauko abin da aka jefa da tsallake shinge, wanda ake daidaita tsayinsa da tsayin karen. A mataki na ƙarshe akwai wurin da ba a magana, da hannu kawai ake ba shi umarni, sannan ya shinshino abin da ubangidansa ya taɓa daga cikin tarin irinsa.

Horar da ɗan ƙaramin kare yana da tasa wahalar. Kansa bai wuce ƙaurin mutum ba, kuma taku ɗaya na mai horo ya kai nasa huɗu ko biyar. Dole mutum ya gyara tafiyarsa, ya yi ta sunkuyo har bayansa ya ƙage. Duka da tsawa ba sa aiki, tsoro kawai suke sa masa. Yawancin masu horo a yau da lada suke aiki: kare ya yi daidai, a ba shi ɗan guntun nama nan take, minti biyar ko goma a rana. Da wani masanin halayya, Stanley Coren, ya tattara ra'ayin alƙalan biyayya a littafinsa na 1994, Papillon ne ya zo na takwas a saurin ɗaukar horo, ya bar manyan karnuka da dama a baya.

Me ya sa ake tsufa a cikin harkar? Ƙananan karnuka suna daɗewa, shekara 12 zuwa 16 ba abin mamaki ba ne, don haka karnuka uku ko huɗu a jere sun cinye rabin rayuwar mutum. Reshen matasa na Kennel Club yana karɓar yara tun daga shekara 6, kuma tsohuwar da ba za ta iya riƙe ƙaton kare ba tana iya saɓa ɗan ƙarami a hammata ta shiga fage. Wanda ya fara da riƙe igiya yakan zama mai kiwo, daga baya alƙali. David Fitzpatrick na Amurka ya ci Westminster a 2012 da Pekingese mai suna Malachy, ya sake ci a 2021 da Wasabi, jikan Malachy ɗin.

Sai dai neman kyau ya jawo ɓarna. Pekingese ɗin da ya ci Crufts a 2003, Danny, sai da aka ɗora shi kan jakar ƙanƙara lokacin ɗaukar hoto, saboda gajeren hanci da tulin gashi ba sa barin irinsa su jure zafi. Cavalier ɗin da Eldridge ya yi mafarki yana fama da ciwon zuciya na gado, da wata cuta da ke tasowa idan ƙoƙon kai ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan. A watan Agusta 2008 BBC ta nuna shirin Pedigree Dogs Exposed, wanda ya tona waɗannan matsaloli, daga baya ta daina watsa Crufts. Kennel Club ta gyara ma'aunan jinsuna a 2009, ta kuma daina rajistar 'ya'yan da aka samu ta hanyar haɗa uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya. A gasar Crufts ta 2012 aka fara sa likitan dabbobi ya duba zakarun wasu jinsuna, kuma a ranar farko Pekingese ɗin da alƙali ya zaɓa ya faɗi gwajin, aka hana shi kambi.

Mai kiwon da ke son sunansa ya yi tsarki yanzu sai ya nuna takardar likita kan zuciya, ido da gwiwar karnukansa, bayan takardar asali. A wata ƙasar ma hakan bai wadatar ba: a watan Oktoba 2023 kotun ƙolin Norway ta yanke hukuncin cewa ci gaba da kiwon Cavalier King Charles Spaniel ya saɓa wa dokar kare lafiyar dabbobi ta ƙasar.