Kalma 450 da ke tsakanin ɗalibin Gumel da kujerar jami'a

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san ƙa'idar: sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, kafin a yi maganar jami'a. Yaro zai iya cin Kimiyyar Sinadarai da ta Halittu da maki mai kyau, amma idan Turanci ya tsaya a D7, gurbin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ya wuce shi a wannan shekarar. Sai a sake neman kuɗin rajista, wanda a gidaje da yawa daga buhun riɗi ko akuyar da aka kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis yake fitowa.

Jarrabawar Turanci ta WAEC kashi uku ce: tambayoyin zaɓi, da na furuci, da takardar rubutu. Wannan ta ƙarshen ce ba ta karɓar canki-canka. A cikinta ake ba ɗalibi zaɓin rubuta wasiƙa, ko maƙala, ko jawabi, ko labari, da bai gaza kalma 450 ba, sannan ya amsa tambayoyin fahimtar nassi da na taƙaitawa.

Yadda ake raba makin

Abin da ɗalibai da dama ba su sani ba shi ne yadda mai duba takarda ke kasafta maki 50 na insha'in. Goma na abin da aka faɗa ne, goma na tsarin rubutun, ashirin na iya sarrafa harshe, goman ƙarshe kuma na tsabtar rubutu: nahawu, harrufa da alamomin tsayawa.

A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Ke nan kuskure ashirin sun isa su share shi kakaf. Ɗalibin da ke fara jimla da ƙaramin baƙi, ko ya rubuta sunan garinsu ba da babban harafi ba, zai iya ƙarar da makin tun bai juya shafi ba. Haka wanda hannunsa ya saba da rubutun WhatsApp, ya sa “u” a madadin “you”.

Tsawaita rubutu ma na iya zama tarko. Wanda ya zuba kalma 700 don burge mai dubawa ya ƙara wa kansa wuraren yin kuskure ne kawai.

Hausar da ke ɓoye cikin Turancin

A masarautar Gumel, yaro na iya wuni bai ji jimlar Turanci ɗaya ba a wajen aji. Hausa ce harshen gida da kasuwa da masallaci, ga Fulatanci a rugage, idan kuma aka tsallaka iyaka daga Maigatari, Faransanci ne harshen boko a Nijar. Wannan ba aibi ba ne, amma yana barin sawu a takardar jarrabawa, kuma sawun iri ɗaya ne kusan kullum.

Bahaushe yana cewa “Musa ya tafi”, da suna da wakilinsa a jere. Ɗalibi sai ya kwashe ginin yadda yake ya rubuta “Musa he went”. A Hausa aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci: ya tafi, zai tafi, “tafi” na nan yadda take, ɗan kalmar da ke gabanta ce ke ɗaukar nauyin. Shi ya sa ɗalibi zai fara ba da labarin abin da ya faru bara, zuwa sakin layi na biyu ya manta da “-ed” ɗin da Turanci ke buƙata a ƙarshen aikatau.

Akwai kuma fassarar kai-tsaye. “Na sha magani” ta zama “I drank medicine”, “na ji wari” ta koma “I heard the smell”, “ara mini littafinka” ta fito a “borrow me your book”. Ga rikicin “p” da “f”, wanda daga baki yake gangarowa zuwa alƙalami.

Alherin da ke cikin wannan shi ne kurakuran ƙidayayyu ne. Ɗalibin da ya ware bayan littafinsa yana rubuta duk kuskuren da malami ya ja masa layi, zai tarar abu biyar ko shida ne yake ta maimaitawa. Gyara waɗannan ya fi haddace manyan kalmomin da ba a san inda za a ajiye su ba.

Abin da ke hannun ɗalibi

Wasu makin kusan kyauta ne ga wanda ya san tsari. Wasiƙar hukuma tana da adireshi biyu, da kwanan wata, da kanu, ta rufe da “Yours faithfully”, sa hannu da cikakken suna. Ta ɗan'uwa ko aboki adireshi ɗaya ce, sunan farko kawai a ƙasa. A taƙaitawa kuwa, cikakkiyar jimla ake so da kalmomin ɗalibi, kwafo layin nassin asarar maki ce.

Sauran aikin yana ga yawan rubutu da samun mai gyarawa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Malamin Turanci ɗaya da ke riƙe da azuzuwa cike da ɗalibai ba zai iya duba insha'in kowa duk mako ba, don haka sai darasin ya koma bayani a allo. Ɗalibi ya san ma'anar wasiƙa, amma bai taɓa rubuta kalma 450 a zama ɗaya yana kallon agogo ba sai ranar jarrabawa.

Yankin yana da abin da zai rage wannan giɓi. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa tana cikin garin Gumel, kuma ɗalibanta na fita koyarwar gwaji a makarantu. Da za a riƙa ɗora masu duba insha'i ɗaya a mako, da an sauƙaƙa wa malaman. Kafin nan, ɗalibai uku ko huɗu za su iya ɗaukar tambaya ɗaya daga tsofaffin takardun WAEC ko NECO, kowa ya rubuta cikin minti 50, su yi musaya, kowa ya karanta na ɗan'uwansa da ƙarfi. Kunne kan kama abin da ido ya tsallake.

Batun kuma ba ya ƙarewa da sakandare. Ma'aikaciyar jinyar da ke son aiki a Birtaniya za ta tarar da IELTS na jiranta, inda za ta yi rubutu biyu cikin sa'a ɗaya, ɗaya kalma 150, ɗaya 250. Hukumar ma'aikatan jinya ta can tana neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, amma ta sassauta zuwa 6.5 a ɓangaren rubutu.